Tashar da Ba Na Kiran Sunanta

Hadiza, na ji abin da kike faɗa wa 'yan'uwanki a waya. Bangon ɗakin nan katako ne, kunnena kuma bai mutu ba. Kin ce Mma ta fara mantuwa, an ga ta wuce tashar ƙofar gidanmu tana zaune a cikin mota, ta je ta sauka can tashar Gota ta dawo da ƙafa tana ɗingishi, kuma ba ranar ce ta farko ba. Gaskiya ne, an gan ni. Amma hankalina yana nan daram, kuma tunda har kun fara shawarar kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa, gara in zauna in rubuta muku yadda tashar nan ta zo ƙofarmu da abin da ta ci mana. Kai ma Babangida ka daure ka karanta har ƙarshe, don kai ne babba, kuma kai ne har yau kake cewa an cuci ubanka.

Ni ba haifaffiyar unguwar Nima ba ce kamar ku. Daga Maradi aka kawo ni Ankara, birnin nan na bakin teku, ina amarya, a gaban motar albasa, na zo na tarar da gari inda ake ce wa mace "kai" ba wanda yake jin wani abu. A gidan da na tashi, mace ba ta kama sunan mijinta. Uwata ta rayu ta mutu ban ji sunan ubana a bakinta ba, ni ma haka na zo da abina. A gabansa Malam nake ce wa babanku, a bayansa in ce babansu. Ko a asibiti aka tambaye ni sunan miji, sai in juya in nemi wadda za ta faɗa mini. Kun ga ko a takardar nan hannuna yana ta kauce masa. Maƙwabciyarmu Mma Asana, Badagomba mai sayar da albasa, ba ta gajiya da tsokanata a kan haka.

"Kai Hausa na sama, sunan miji zai ƙona bakinka ne? Ni tun daga ƙofa nake kiran nawa, ga shi nan bai mutu ba."

Sai in yi dariya in ce ta bar ni da gadona.

Kun san babanku tela ne, amma ƙananan cikinku ba su san shagon ba. Rumfar katako ce da kwano a bakin babban titi, daidai gaban gidan nan. Keken ɗinkinsa mai ƙafa yana fuskantar hanya, ga dogon benci a gefe, ga randa da moɗa don mai wucewa. Da safe ina soya ƙosai ina sayar da koko a gindin rumfar, shi kuwa tun daga fitowar rana har magariba yana taka keke yana amsa gaisuwa. Bai iya dogon zance ba, a gida sai ya wuni bai haɗa jimla goma ba, amma a shagon nan kowa nasa ne. Ya san wanda ya haihu, ya san wanda aka kora daga ɗaki, ya san yaron da ya gudu daga makaranta tun kafin uwarsa ta sani. Na sha faɗa masa cewa gaisuwar mutane ce abincinsa, tuwona ƙari ne kawai.

Sai shekarar da aka gyara titi ta zo. Kafin nan, turoturo, ƙananan motocin haya na garin nan, duk inda ka ɗaga yatsa suna tsaya maka, duk inda ka buga jikin mota suna sauke ka. Da aka gama aiki aka zuba kwalta mai sheƙi, aka kafa ƙarafa a tsakiyar hanya, aka ce daga yau mota ba ta tsayawa sai a tasha. Aka yi tasha ɗaya can sama wajen kasuwa, ɗaya can ƙasa a Gota, bakin babbar kwatar da ta raba mu da Mamobi. Mu na tsakiya ba a ba mu komai ba. Wai a takardar da suka yi aiki da ita, wurinmu 'yan gidaje ne jefi-jefi, alhali a lokacin an ɗora bene a kan bene, an raba ɗaki ɗaya gida biyu, mutanen arewa suna ta sauka kullum da buhunansu. Direban da ya kuskura ya tsaya mana, 'yan sanda su kama shi. Ba a daɗe ba suka daina ko kallon hannunmu.

Mu mata muna cikin gida muna mita, shi kuwa babanku a gabansa abin yake wucewa. Masu dakon kaya da tasoshi a ka, tsofaffi masu zuwa asibiti, yara masu makaranta da suke tsallake ƙarfen tsakiyar titi motoci suna shafar rigunansu. Duk wanda ya taho daga Gota, idan ya hau gangaren nan ya iso shagonmu numfashinsa ya ƙare, sai ya faɗa kan benci ya ɗauki moɗa. Randar da a da take kwana da ruwa, sai da ta koma ana cika ta kafin azahar. Ranar da abin ya shiga ransa ina wurin, ina kwashe kaskona. Mma Asana ta taho daga kasuwar Agbogbuloshi da rabin buhun albasa a ka, an sauke ta a Gota da rana tsaka. Ta iso, aka sauke mata kayan, ta zauna a benci, sai ta kasa tashi. Gwiwoyinta sun kumbura sun yi suntum. Matar da bakinta ba ya rufuwa, ranar hawaye kawai take yi.

"Tela, na gama," ta ce. "Kasuwa ya ƙare mini. Ba albasa ya kashe ni ba, wannan hanya ne."

Babanku ya sauka daga kan keke, ya saɓa buhun a kafaɗa ya kai mata har ɗaki. Daga ranar ba ta ƙara zuwa kasuwa ba.

Mutanen unguwa suka kai kuka wurin asambuliman, wakilinmu a hukumar birni, shi kuma ya yi ta zarya har aka turo wata mata daga ofis. 'Yar ƙabilar Ga ce, ba ta jin Hausa sai gaisuwa, kuma ba zan ci haƙƙinta ba, ta san aikinta. Safiya bayan safiya tana zuwa ta zauna a bencinmu, ta sha kokona, tana kallon inda mutane suke fitowa daga lunguna da inda suke tsallakawa. Daga ƙarshe ta yi magana, kai Babangida ne ka fassara mana. Ta ce ba shakka nan ne ya kamata tasha ta kasance, don duk lungunan nan a nan suke zubowa. Amma titin ba shi da kafaɗa, kowa ya yi gini har bakin kwata, idan mota ta tsaya a kan kwalta za ta toshe hanya ta jawo haɗari. Sai an samu fili da mota za ta ratse ta shiga. Ta ce shagon babanku a cikin filin gidanmu yake, da takardarsa, ba ta da ikon taɓa shi, kuma ba ta zo roƙo ba. Ta gode mini da koko ta tafi.

Ranar Juma'a bayan la'asar maza suka zauna a masallaci a kan maganar. Ni ba na wurin, amma labari ya riga babanku isowa gida. An ce liman ya tambaya ko akwai wanda zai ja gininsa baya saboda Allah, masu kantuna a bakin titi kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, sai babanku ya ce a ɗauki nasa. Ya shigo ya same ni a bakin murhu, muciya a hannuna, kuma Allah ne ya kiyaye ban jefa ta ba.

"Malam," na ce, "a duk Nima kai kaɗai Allah ya ba idanu?"

"A'a," ya ce. "Ni kaɗai ke da benci a wurin. Tasha ta riga ta zo shagona tuntuni, mota ce kawai ba ta tsayawa."

Kai Babangida kana tsaye a ƙofar ɗaki, a lokacin ka fara iya yanka riga, kuma kowa ya san shagon naka ne gobe. Ka tako gabansa.

"Baba, ka ba gwamnati shago kyauta? Gwamnati ya san ka?"

"Ba gwamnati na ba ba," ya ce maka. "Gwamnati bai taɓa zama a bencina yana kuka ba."

To ka ji da kyau, tunda a ranar fushi ya toshe maka kunne. Ba wanda ya yaudare shi, ba wanda ya matsa masa, ba a ba shi komai ba kuma bai nema ba. Da hankalinsa ya yi. Ni kuwa ba yunwa na fi tsoro ba, don na san hannuna ba zai bar mu mu kwana da ita ba. Abin da nake tsoro shi ne a binne mutumin nan da ransa a ɗakin baya, inda ba mai ganinsa, ba mai ce masa sannu da aiki, har unguwa ta manta an taɓa yin sa. Na faɗa masa haka ƙarara, ya saurare ni har na gama, ya ce Allah yana nan.

Da hannunsa ya cire kwanon rumfar. Maƙwabta suka taya shi ɗauko keken aka shigo da shi ɗakin da ke bayan bango, mai 'yar taga ɗaya. Benci kawai ya bari a waje, ya ce masu jira za su buƙace shi. Kai kuma ko ƙusa ba ka zare ba, ka haɗa kayanka ka koma unguwar Malam wurin abokinka, ka bar ɗinki ka shiga sayar da kayan mota, Sallar shekarar ma ba mu gan ka ba. Ni na daɗe ba na yi masa magana sai ta dole, ga tuwo, ga ruwan wanka. Kuma kada ku jira in ce na yi kuskure, don abin da na hango shi ya faru. Masu kawo ɗinki suka koma wurin sababbin teloli da ke bakin hanya. Azumin da a da ba ya samun lokacin buɗe baki saboda aiki, shekarar nan faci da cin baki yake yi. Duhun ɗakin ya fara cin idonsa. Kaskona ma an ce ba a soya a tasha, na koma cikin lungu. Wasu suka kafa kes na sayar da katin waya da ruwan leda a kewayen wurin suka yi arziki, mu ba mu ci ribar komai ba. Na ce masa ya riƙa fita ko benci ya zauna a gan shi, ya ƙi, wai idan ya zauna mutane za su ji dole su gode masa, shi kuma ba zai iya ba.

Hukuma ta zuba siminti, ta kafa rumfar ƙarfe, ta rataya allo da wani suna na Turanci mai lamba a jiki, wanda ba na jin ko mai fentin ya riƙe shi. A garin nan ba allo ke raɗa wa tasha suna ba, bakin fasinja ne. Yaron mota, wanda ake ce wa meti, idan ya zo karɓar kuɗi yana tambayarka inda za ka sauka, kai kuma ka faɗi abin da ka sani. Mutanenmu ba su san wurin da komai ba sai da shagon da aka rushe, sai suka riƙa cewa wurin tela wane. Metoci ba su da lokacin dogon suna, suka yar da wurin, suka yar da tela, suka bar sunan babanku tsirara.

Ina tsakar gida ina wanki ranar da na fara ji. Wata murya ta ƙwala sunansa daga titi, sau biyu a jere, da ƙarfi, yadda ko liman bai taɓa kiransa ba. Na ji keken ya tsaya a ɗakin baya.

"Na'am," in ji babanku.

Ya fito har ƙofar gida, tsinin allura a bakinsa, yana duba mai kiransa. Ba kowa sai mota da ta sauke mata biyu ta ja gaba. Ya daɗe a tsaye. Da ya juyo muka haɗa ido, sai dariya ta ƙwace mini, shi ma ya yi, kuma a nan fushina ya ƙare. Daga baya ya daina fitowa, amma bai daina amsawa ba. Ina wucewa ta bakin tagarsa sai in ji shi yana taka keke, ana kira daga titi, yana cewa na'am ƙasa-ƙasa, shi kaɗai. Na taɓa ce masa mutane za su ce ya taɓu.

"An kira ni," ya ce. "Ba kyau a yi shiru."

Haka ya yi ta amsawa har shekarun da ido ya tafi gaba ɗaya, har ciwon da ya kwantar da shi. Ranar da ya rasu aka yi masa salla a nan gaban tashar, don nan kaɗai ke da fili, kuma direbobi suka kashe motocinsu suka jera har aka sallame, Musulminsu da wanda ba Musulmi ba. Washegari da sassafe ina zaune a kan tabarmar takaba, gida ya yi tsit, sai na ji an ƙwala sunansa daga titi kamar kullum. Na kasa kunne wajen ɗakin baya. Mun kai shi mun rufe jiya, ga shi gari ya waye ana kiransa, kuma za a kira shi gobe, za a kira shi jibi. Ban yi kuka a gaban gawarsa ba, amma a safiyar nan sai da mata suka riƙe ni.

Ban san girman abin ba sai bayan na fita takaba, ranar da na je suna a unguwar Madina. A tsakiyar tashar motocin nan mai cika, inda ba wanda ya san ni, na ji wani meti yana jera sunayen wurare, Nima, Mamobi, sai ga sunan babanku a tsakaninsu, daidai da su. Na tsaya cak har mai tura baro ya yi mini tsawa. A cikin motar wata mata mai Baibul a cinya ta faɗe shi, wani mai kwat da jaka ya faɗe shi, kamar sun sha ruwa a randarsa. Wani saurayi ya tambaya wai shi wannan mutumin wane ne, na kusa da shi ya ce ai wani babban attajiri ne mai motoci da yawa. Na ja mayafi na rufe bakina. Akwai manyan mutane da aka rubuta sunansu a alluna a garin nan, ba mai furtawa. Ga tela mai keke ɗaya, wanda na ji tsoron za a manta da shi tun yana numfashi, sunansa yana yawo a bakin Ga da Asante da Ewe daga asuba har dare. Wallahi har yau idan na tuna sai in ji na ƙanƙance, in ce Allah mai iko.

Yanzu Hadiza kin gane inda matsalata take. Duk garin nan kowa yana iya faɗin sunan tashar ƙofar gidana, ban da ni. Idan meti ya tambaye ni, sai in ce Gota. Idan Allah ya sa ya kira tashar da kansa, in amsa da "ewo mu" kamar kowa, wato akwai mai sauka. Idan wani fasinja ya faɗa, in lallaɓa in bi bayansa. Mafi yawan lokaci ana samun mai faɗa. Ranar da ba a samu ba kuwa, ina ji ina gani a wuce da ni, in sauka a Gota in hau gangare. Ku kuna faɗinsa ba ko ɗar, har kai Babangida na ji ka a waya kana ce wa mai tasi ya same ka a can, sunan ubanka garau a bakinka. Ban hana ku ba, zamaninku ne.

Saura abu ɗaya, na makon jiya, wanda ban faɗa wa kowa ba. Na dawo daga asibiti wajen gwiwar nan, da ledar doya da na saya a hanya, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Motar kusan ba kowa, metin baƙo ne, idonsa na kan waya. Na riga na ce masa Gota. Muka gangaro, na hango rumfar, na hango bencin nan da aka sha yi wa sabuwar ƙafa, wata tsohuwa tana zaune a kai da jikarta. Na jira wani ya yi magana, ba wanda ya motsa. Sai Mma Asana ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta, da gwiwoyinta a ranar nan. Mutumin nan ya ba da shagonsa da idonsa da zaman ɗansa a gida don kada wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ƙara hawo gangaren Gota da kaya. Ga shi duk tsofaffin Nima sun huta, saura matarsa. Direba bai rage gudu ba, rumfar ta zo daidai tagata. Na ji ni kamar ranar da aka kawo ni gidan nan.

"Meti," na ce. "Tanko."

Ya buga jikin mota, direba ya ratse ya shiga filin ya tsaya, daidai inda keken ɗinki yake a da.

"Mma, ai ka ce Gota."

"Na fasa," na ce.

Ya sauko mini da doyar, suka ja suka tafi. Ban shiga gida ba. Na zauna a kan bencin, ruwa ya sauko yana dukan kwanon rumfar, ni kuwa ko ɗigo bai taɓa ni ba. Ban sani ba ko zan iya sake faɗa, don haka idan kuka ƙara ganina ina tahowa daga Gota, ku karɓi kayana ku bar maganar likita. Sau ɗaya na kira sunan babanku a duk rayuwata, kuma bai bar ni na taka gangaren nan ba.